Yadda Wasan Rumbu Ya Shiga Kwali

Maigadin kamfani na farko da na tsaya a ƙofarsa a Sharada ko tashi daga bencinsa bai yi ba. Ya dubi mayafina, ya dubi buhun da na rungume, ya ce, "Ba a ɗaukar mata yau." Na ce ba aiki nake nema ba, wasa na kawo a buga mini. Ya ce, "Wasa?" Sai ya leƙa ɗakin gadi ya kira abokinsa, "Zo ka ji, wata ta kawo wasa daga Nijar." Ban faɗa masa inda na fito ba. Daga buɗe bakina ya gane.

Sunana Zainabu, malamar lakwal ce ni a Tasawa, firamare in ji Kanawa. Abin da ke cikin buhun allo ne na kwali da na zana da hannuna, da katuna, da gwangwani cike da 'ya'yan tsamiya. Wasan Rumbu nake ce masa. Mutum huɗu ke yi, kowa da rumbunsa, 'ya'yan tsamiyar su ne damman hatsi. Ana zagaya allon daga kaka zuwa kaka, a bi ta rani da bazara da damina, wanda ya kai sabon girbi da sauran hatsi mafi yawa shi ya ci. A hanya akwai fari, akwai ɓera, akwai biki da suna. Sannan akwai katin da 'yan ajina suka fi so, katin Ɗiba. In ka ja shi, ka zaɓi rumbun wanda ka ga dama ka ɗebi dami uku. Shekaru muna yi da yara har iyaye suka fara aiko tambaya ina ake sayarwa. Ba a sayarwa. Guda ɗaya ne tak, kuma gefensa ya fara cinyewa.

Maigidana ya yarje mini hutun damina kaɗai. 'Yata Nana na bar ta wurin mahaifiyata. Kafin a koma makaranta, ko in koma da wasan cikin kwali kamar na kanti, ko in koma da shi cikin buhu. Na kuwa san halina, in na koma da shi a buhu ba zan ƙara fitowa ba.

Na yi kwanaki ina bin ƙofofin Sharada. Duk iri ɗaya ne: doguwar katanga, baƙin get, ƙarar inji daga ciki, da maigadin da aikinsa ke nan ya hana ka ganin mai magana. Wani ya ce su kwalin taliya kawai suke yi. Wani ya ce in kawo takarda daga ofis, na ce wane ofis, shi ma bai sani ba. Wani dattijo da ya ga katunan ya ja tsaki ya ce caca ba ta shiga nan. Na ce, "Baba, lissafi nake koya wa yara da shi." Ya ce haka kowa ke cewa.

A gindin wata bishiya inda mata ke sayar wa ma'aikata abinci na haɗu da Ɗanlami. Fes da shi, shadda ta sha guga, waya biyu a hannu. Shi ya fara gaishe ni, har da "ya hanya," kuma wallahi wannan kaɗai ta saye ni, don tun da na sauka babu wanda ya tambaye ni hanya. Ya ce duk injin da ke Sharada ya san mai shi. Ya buɗe allon ya yi ta santi, "Masha Allah, Hajiya, ai wannan har Abuja sai an saya." Ya ce in ba shi allon da kuɗin samfur, wato guda ɗaya na gwaji, jibi in zo in gani. Na ba shi. Kada ma ku tambaye ni me ya hau kaina.

Jibin ta koma mako. Da ya zo, sai ya warware mini wata leda mai warin fenti, irin wadda 'yan siyasa ke buga fuskarsu a kai su rataya a titi. An ɗauki hoton allona da waya a karkace, aka ja shi ya yi tsawo, rumbunan suka koma kamar tulu, aka yanke damina gaba ɗaya daga gefe. In ka shimfiɗa ta sai ta naɗe kanta. Na ce, "Ina damina?" Ya ce, "Haba Hajiya, wa zai lura?" Na ce to ba ni allona na asali. Ya ce yana wurin mai injin, mai injin kuma ya yi tafiya. Nan na rasa haƙuri. Na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa namiji ba, masu abinci suka tsayar da ludayi suna kallo. Ya ce, "Kin ga, ni ba na rigima da baƙi," ya hau babur ɗinsa. Daga shi har allon ban sake gani ba.

Ina zaune a wurin da ledar a cinya, sai ɗaya daga cikin masu abincin ta ajiye mini kwanon shinkafa da wake. Na ce ban saya ba. Ta ce, "Na ce ki saya? Ci, 'yar nan." Ita ta gaya mini ana ɗaukar mata tsintar zoɓo a Challawa, in guzurina ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa kuwa. Har yau ban san sunanta ba.

Challawa tun kafin ka gan ta hancinka ke sanar da kai, saboda warin majemu. Aikinmu a wani ƙaton sito ne, mu zauna a ƙasa layi-layi muna tsince itace da tsakuwa daga busasshen zoɓo kafin a zuba a buhu a fitar waje. Tafin hannuna ya rine ja, sabulu ya ƙi fitar da shi. Ni da nake riƙe alli. Matan suka sa mini 'Yar Nijar, in na ce lakwal su kwashe da dariya, ba da mugunta ba, amma dai dariya ce. Su duk sun san juna, sun san mijin wance da surukar wance. In ana hira ni sai murmushi, in an tashi kowa ta kama hanyar gidanta da mai jiranta.

Ɗaki na kama a Zawaciki, ciki ɗaya a gidan haya, tabarma da risho da bokiti. Na roƙi tsohon kwali a sito, na sake zana allon daga kaina, gida-gida. Ran Lahadi da rana, in gidan ya cika da ƙarar yara da daka, sai in ja labule in shimfiɗa wasan in yi ni kaɗai. In zauna wurin Nana in ja mata kati, in matsa wurin mahaifiyata, in matsa wurin maigidana, in dawo wurina. Nana ta sha cinye ni. Wata rana na ji kaina ina cewa "ke dai kin iya ɓarna" da ƙarfi a ɗakin da ba kowa, sai na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai isata. Kewa ta ci ni a garin nan, ba zan ɓoye ba. In na kira gida, tambayar Nana ɗaya ce, "Mama, an sa shi a kwali?" In ce saura kaɗan.

Ummi, wata yarinya 'yar Gumel da ke zama kusa da ni a layi, ita ta fara tambayata me ya kawo malama tsintar zoɓo. Da na faɗa mata, ta ce akwai wata Hajiya Bilki a Bompai mai buga kwalayen magani da kayan karatun yara, ta taɓa yi mata aikin liƙa kwali. Ta ce, "Tana da faɗa, amma ba ta cin haƙƙi."

Adaidaita biyu na hau kafin in kai. Hajiya Bilki mace ce siririya mai tabarau, magana da sauri, rabi da Ingilishi. Ni kuwa Faransanci na karanta, sai in riƙa cewa, "Hajiya, ku maimaita da Hausa." Ba ta yaba allon ba, ba ta kushe shi ba. Awo ta ɗauko. Ta ce allon ya wuce faɗin takardar injinta da ɗan yatsa biyu, in rage shi, in ba haka ba rabin kowace takarda shara za ta tafi. Ta ce ya riƙa naɗewa gida huɗu don kwalin ya yi ƙarami, kwalin da ya cika girma mai kanti ba ya son ajiye shi. Katunan in daidaita yawansu su cika takarda ɗaya cif. 'Ya'yan tsamiya ta ce ta so su, ba sai an narka roba ba, amma a gasa su sama-sama kada ƙwari su fito a gidan mutane. Dokokin wasa kuwa, da na rubuta shafi huɗu, ta miƙo mini ta ce, "Fuska ɗaya ta takarda. Wanda ya sayi wasa bai zo karatu ba."

Sannan ta nuna mini wuƙa. Wani katako ne da aka dasa wa siririn ƙarfe mai kaifi, an lanƙwasa shi daidai siffar abin da za a yanka. Ta ce kowane kwali da tasa wuƙar, in an ƙera ta an ƙera, haka farantin ɗab'i, ba a dawowa a ce an tuna wani abu. Tana kai wa makarantu kaya, za ta iya ɗaukar nauyin bugun farko, amma da sharaɗi. Ta cire tabarau ta ce, "Malama, ke ba za ki shiga cikin kwalin ba. Wanda ya saya ya kai gidansa a Hotoro ba shi da ke a gefensa kina bayani. Asabar ɗin ƙarshen wata zan zaunar da mutum huɗu da ba su taɓa ganinsa ba, in ba su takardar nan. Ke ki zauna ki kama bakinki. In sun kai ƙarshe suka ce a sake, zan sa a ƙera wuƙa. In ba su ce ba, sai ki yi haƙuri." Ƙarshen watan nan shi ne ƙarshen hutuna.

Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, wasan da yara ke kuka in an tashi. Duk da haka na ce bari in gwada a sito. Bayan azahar muna da ɗan hutu, na shimfiɗa allon a kan buhu. Ummi ta zauna, da wasu 'yan mata biyu ya da ƙanwa, sai Inna Laure. Inna Laure ita ce babbar layinmu, 'yar Kumbotso, a haife ta haifi duk wadda ke wurin, kowa Inna take ce mata. Ummi ta karanta dokoki, aka fara, lafiya lau. Rumbun Inna ya cika fam. Sai Ummi ta ja katin Ɗiba.

Ta karanta, ta dubi rumbun Inna, ta sunkuyar da kai. Sai ta miƙa hannu ta ɗebi na ƙaramar yarinyar nan da dami huɗu kawai ya rage mata. Na yi alƙawarin shiru, amma ina! Na ce, "Ummi, ga rumbu cike a gabanki!" Ta zaro ido ta ce, "Ni in sa hannu a rumbun Inna? Allah ya kiyaye." Na ce, "'Ya'yan tsamiya ne fa!" Ta ce, "Ko tsakuwa ce." Sauran ma haka, duk wadda ta ja katin sai ta kewaye Inna. Da Innar ta ja nata, ta ajiye shi gefe ta ce, "Ni da girmana in ɗebi na 'ya'yana? A wuce." Haka aka lallaɓa har kaka, ba ihu, ba dariya, kowa ta san mai ci tun daga rani. Inna ta karkaɗe zaninta ta ce, "An gama ke nan? To, sannu da ƙoƙari, 'Yar Nijar." Wallahi abin da Ɗanlami ya yi mini bai yi mini ciwon wannan sannu da ƙoƙarin ba.

A adaidaita na gane inda matsalar take. 'Yan ajina sa'o'in juna ne, wawaso a wurinsu daɗi ne. Amma wasan da aka saya aka kai gida, da wa za a yi shi? Da uba, da gwaggo, da babban wa. Ko a Tasawa babu ɗan da zai miƙa hannu rumbun babansa yana kallo, ko da wasa. Na cire katin na gwada ni kaɗai, wasan ya koma ƙirga tsamiya kawai. Na mayar da shi dami ɗaya, kunyar dai tana nan. Maigidana ya kira ya ce shugaban makaranta ya fara tambaya. Na ce ina hanya. Na daina cin abincin kirki, in kwanta katin nan nake gani.

Ana cikin haka, wata safiya Inna Laure ta shigo sito tana faɗa tun daga ƙofa. "Ina Ummi? Ja'irar yarinya! Mutum biyar fa, har da mai jego!" Ashe dangin Ummi ne suka zo daga Gumel kawo mara lafiya asibiti, ɗakinta ba ya ɗaukarsu, ta sa su a adaidaita ta ce a kai su gidan Inna, ko sallama ba ta aika ba. Inna ta ce sun cinye shinkafar da ta ajiye ta wata guda, sun ƙarar da man girkinta, har kazarta ta tafi. Tana faɗa tana gyara ɗaurin ɗankwali, tana duban layi ta ga kowa na ji. Ummi kuwa ko a jikinta, tana tsintar zoɓo ta ce, "To Inna, gidan wa zan kai su? Ai gidan babba ake kai baƙi." Inna ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki," bakinta har kunne.

Na tsaya da zoɓo a hannu ina kallonsu. Yarinyar da ta ƙi taɓa ƙwayar tsamiya uku ta kwashe tukunyar matar nan ƙarƙaf, kuma an ji daɗi. Da na koma ɗaki na yanka sabon kati a madadin na Ɗiba, na rubuta: "Baƙi sun sauka. Zaɓi gidan da za ka kai su. Mai gidan zai ciyar da su dami uku. Ba a mayar da baƙo." Na so in gwada da su Inna, sai makon ya zo da lodi, manyan motoci na jira, aka hana hutun rana. Haka na tafi Bompai da katin da ba wanda ya taɓa ja sai ni.

Hajiya ta sa an shimfiɗa tabarma a barandar bayan ofis. Ta kira Malam Ado, dattijo mai furfura da ke kula da injin yanka, da direbanta Nura, da sakatariyarta, da wani malamin Islamiyya da ya zo karɓar littattafai aka tare shi. Ba ta ce musu komai a kaina ba. Ta nuna mini kujera can gefe kusa da tarin kwalaye, ta ɗora yatsa a leɓe.

Malamin ya karanta takardar, ya fara tambaya ko akwai sa kuɗi, Hajiya ta ce babu, ya ce to bismillah. Suka fara a ɗarare. Sun fahimci dokar ɓera a baibai, na buɗe baki, Hajiya ta harare ni ta saman tabarau, na haɗiye. Can sakatariyar ta sake duba takardar ta gyara musu. Rumbun Malam Ado ya yi ta cika. Aka shiga bazara. Nura ya ja sabon katin, ya karanta a hankali. Ya dubi rumbun sakatariya, ya dubi na malamin, ya sosa ƙeya. Sai ya rusuna, ya ajiye katin gaban dattijon da hannu biyu ya ce, "Baba, ga baƙi nan. Ai gidanku ne gidan girma."

Malam Ado ya ce, "Kai, ɗan nema! A bazara za ka turo mini baƙi?" Ya ƙirga dami uku yana ƙunƙuni, malamin Islamiyya yana cewa, "Lada ne, Baba, lada ne." Zagaye biyu bayan nan katin ya faɗo hannun dattijon. Ko tunani bai yi ba ya tura wa Nura. "Na ji an ce ka yi sabon ɗaki. A je a sa albarka." Sakatariya ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan baranda ta kaure, baƙi na yawo gida-gida, masu aiki na leƙowa ta taga. Sakatariyar ce ta ci, da dami ɗaya ta fi malamin. Kafin ta gama murna Malam Ado ya tattara tsamiyar ya ce, "Ina! A sake. Ban gane dabarar ba da farko."

Hajiya ta miƙe, ta biyo ta gabana, ta ce a hankali, "Litinin a ƙera wuƙa. Ki shigo ki sa hannu in kin huta." Ta shige ofis.

Da na tashi, ban nufi ofis ba, tabarmar na nufa. Tun da na baro gida ban yi wasan nan da mai rai ba, hannuna har ƙaiƙayi yake in ja kati ɗaya, wani ya ce mini ja'ira. Na tsaya a bakin tabarmar da jajayen hannuwana. Suna ta rabon tsamiya, ba wanda ya ɗago. Can Nura ya ga inuwata a kan allon, ya ɗaga kai ya ce, "Baiwar Allah, sai dai ki yi haƙuri, mutum huɗu ake yi, mun cika. Amma tsaya ki kalla, ba shi da wuya, yanzu za ki gane."

Na ce, "To." Na matsa gefe don kada in tare musu haske, na tsaya na kalla har suka kai kaka.